Na ce masa an gyara, alhali a bakin get ake duba iƙama

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin na yi wa mutumin kirki ƙarya, kuma Juma'ar nan mai zuwa za ta fito fili.

Ni ɗan Kano ne, ina zaune a Waziriyya nan Jidda, gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi a ƙarƙashin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya min, takarduna lafiya lau. Muna da 'yar ƙungiyar besbol. Na san wani zai yi dariya, me ya haɗa Bahaushe da besbol, to mu ma da dariyar muka fara. Wasa ne da mutum ɗaya ke jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya make ta da sanda ya ruga da gudu, a wajen 'yan Filifin da muke aiki tare muka koya. Duk Juma'a bayan asuba, kafin rana ta fara dukan mutum, muna haɗuwa a wani filin ƙasa bayan gareji a Kurayyat. Dukkanmu magidanta ne, rabinmu da tumbi, in mun gama mu zauna a faranti ɗaya mu ci ful da tamis.

Mai jefa mana ƙwallo shi ne wanda zan kira Yaya Habu, ba sunansa ba ne. Tela ne, ya girme mu duka, umra ta kawo shi tun da daɗewa bai koma ba, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Da na zo garin nan ban san kowa ba, shi ya sauke ni a ɗakinsa, ya nuna min inda ake bi da inda ba a bi. Safar hannunmu ta cafe ƙwallo ta farko ma shi ya ɗinka, da fatar wata tsohuwar kujera da aka yar. Kuma in ya saki ƙwallo, wallahi sai dai ka ji ta wuce.

Bana 'yan Filifin suka gayyace mu cikin gasarsu, a filin wani kamfani mai ciyawa kore shar, wanda sai an bi ta get ake shiga. Ni ne kyaftin, ni suka samu, kuma ba su ɓoye min ba, sun ce masu gadi kan duba iƙamar kowa. Na amsa nan take, saboda na daɗe ina kwaɗayin filin nan. Da na ba da labari a kan faranti kowa ya hau murna, sai Yaya Habu ya ajiye lomarsa ya ce, "Kyaftin, ni fa? Ka san halin da nake ciki." Kowa ya zuba min ido. Kunyarsa ta kama ni, bakina ya riga ni, na ce, "Halas Yaya, na yi magana da su, an gyara." Ban yi magana da kowa ba. Da na je daga baya ina roƙo, mai shirya gasar ya ce get ba a hannunsa yake ba, ko ɗan'uwansa ne ba zai iya shigar da shi ba.

Tun ranar bawan Allahn nan yake shiri. Ya daina sa sukari a shayi, ya jingina tsohuwar katifa a saman bene yana ta jifanta kullum da yamma, ya ajiye ɗinkin mutane ya ɗinka mana riguna korra, kowa da awonsa. A gabana ya kira 'yarsa ta bidiyo yana nuna mata tasa. Ina tsaye ina murmushi.

Abdulƙadir, haifaffen Jidda ne a cikinmu, shi ya fara gano gaskiya, muka yi ta a wajen aiki. Ya ce a kwantar da Yaya a bayan mota a lulluɓe shi da kaya, ko a ara masa iƙamar wan shi Abdulƙadir ɗin tunda suna ɗan kama. Na ce ba da ni ba, in aka kama shi sai tarhil, a mayar da shi gida, kuma keken ɗinkin nan shi ke ciyar da iyalinsa har da mahaifiyarsa. Ya kira ni kazzab, wato maƙaryaci, ya ce in Yaya bai buga ba shi ma halas, ya fasa. Sani kuma, mai tare mana ƙwallo a baya, cewa yake ba za a rasa wannan dama saboda mutum ɗaya ba, a faɗa masa ya zauna a gida kawai. Yanzu ƙungiya ta rabu biyu, Yaya Habu yana ganin ana ta kumbure-kumbure, ya ɗauka a kan wanda zai fara riƙe sanda ne, har sulhu yake mana.

Jiya ya kawo min rigata a goge, a naɗe cikin leda. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanina, Allah Ya yi maka albarka. Shekara da shekaru in na hango get da masu kaki canza hanya nake, ran Juma'a zan shiga ta ƙofa kamar kowa."

Jama'a ina jin kunyar kaina. Kai shi get ɗin nan ba zan yi ba, wannan na yanke. Amma in faɗa masa gaskiya mu tafi mu buga sanye da rigunan da ya ɗinka, shi yana shago? Ko in janye ƙungiyar gaba ɗaya mu koma filinmu na ƙasa, sauran su tsane ni, shi kuma ya san saboda shi ne? Kuma da wane baki zan fara? Da zai tafi ya ce ran Juma'a in biyo ta shago in ɗauke shi, gaban mota zai zauna kusa da ni. Na ce masa to.