Tafin da Ka Saka a Jawabina

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya karatu? Umma da Baba suna gaishe ka. Ni ma jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi.

Na tura maka shafukan jawabina ne don ka duba kuskuren rubutu, ba don ka yi musu kwalliya ba. Ka san taron iyaye ne, kuma roƙonmu ɗaya: a yi tudun rage gudu a ƙofar makaranta, inda mota ta karya wa ƙawata ƙafa. Malamar kwamfuta ta koya mana cewa shafi ɗaya magana ɗaya, baƙin rubutu manya a kan fari, yadda na kujerar baya zai karanta. Haka na yi. Da ka maido ban ko buɗe ba, don na yarda da kai.

Majigi yana haskawa na ga rubutun ya koma ruwan ɗorawa, ƙanana kamar jerin tururuwa, kalmomi na shigowa suna juyi. Wani dattijo daga baya ya tambaya ko gwajin ido aka kira su. Na daure. Ka san ni, ko a aji da kyar nake ɗaga hannu.

Amma sautin nan, Yaya. Duk shafin da na danna sai tafi ya tashi. Da na zo kan hoton ƙawar tawa a gadon asibiti, wanda sai da na roƙe ta kafin ta yarda in nuna, lasifika ta ɓarke da tafi da shewa. Yara suka kwashe da dariya. Tana layin gaba da sandunanta. Ta sunkuyar da kai, mahaifiyarta ta kama ta suka fita.

Aka tashi ba a yi maganar tudu ba. Yanzu ta sauya wurin zama a aji, tana ganin na mayar da ciwonta abin wasa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan mura ta sake ka. Saƙonka ya iso. Ka ce so ka yi taron ya yi armashi. Ba biki na je ba, kuma wannan ba ban haƙuri ba ne. Ƙawata za ka ba haƙuri, ba ni ba.

Shugabar makaranta ta ce in sake gabatarwa a taro mai zuwa. Na sayi farin kwali da babban alƙalami, babu mai saka wa kwali tafi. Jiya a aji ina zana taswirar titin, sai na ji ƙarar sandunan ƙawar tawa a bayana. Ta daɗe a tsaye. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai ce ba a nan motar ta buge ta ba, in ba ta alƙalamin.

Na ba ta.

Ka gaida abokan karatu. Har yanzu ina fushi.
Ƙanwarka, Auta.