Ƙasar da Malam Ya Tara

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya ƙafar Baban Sadiya? Mu nan Boɗinga lafiya lau, sai haƙuri.

Yaya, sai da ɗalibar Malam ta dafe kai a tsakar gidana na gane abin da na yi. Da na fita takaba na share ɗakinsa, na tarar da ƙasa ƙulle cikin ledoji, kowace da rubutu. Na ce ai ƙasa ce, na juye su duka a ramin bakin ƙofa inda ruwa ke kwanciya.

Ashe daga gonakin Dandin Mahe ya ɗebo su, rani biyu yana tarawa, zai gwada a jami'a ya gano abin da ke hana albasarsu girma. Ɗalibar, wadda ta zo karɓar ledojin, ta ce, "Inna, ba komai," amma hawaye take yi. Shekara ashirin ina wanke masa riguna masu jar ƙasa, ban taɓa tambayarsa aikinsa ba.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida Sadiya da yara.

Kullum sai na taka ƙasar in zan fita. Manoman Dandin Mahe kuwa har yau ba wanda ya kai musu amsa.

Ƙanwarki,
Asabe