Ƙafar Lawali

Mungadi, Maiyama
9 ga Janairu

Zuwa ga Yayana Bashar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin majalisa. Ka ce a waya in rubuta komai a takarda, wai magana ba ta shiga kwamitinku sai da tawada. To ga tawada.

Ran Talatar makon jiya, bayan la'asar, maigidana Lawali da ɗanmu Anas suka ɗauko albasa daga Jiga Birni za su kai ta Kamba. Anas ke tuƙi. Sun wuce Jega kaɗan 'yan sanda suka tare su a wani shinge, suka ce tunda an rufe iyaka, wannan albasar Nijar za a tsallaka da ita. A gaban idonsu manyan motoci uku na wani mai hali suka wuce da rakiya, ko tsayawa ba su yi ba. Ka san bakin Anas, naka ya ɗauko. Ya nuna motocin ya ce, "Su waɗancan Makka za su?"

Sai duka. Lawali ya faɗa kan ɗansa don ya kare shi, suka sa masa gindin bindiga a ƙauri har ƙashi ya karye. Suka jefa Anas bayan motarsu suka tafi da shi, suka bar ubansa kwance bakin hanya. Masu albasa 'yan Aliero ne suka tsince shi.

Yau kwana bakwai. Na je caji ofis huɗu da ƙafata, kowanne amsa ɗaya: ba su da mai wannan suna. Yaya, shekara ashirin da uku na yi ina kiran sunan nan, yau an ce babu mai shi.

Lawali yana Aliero wurin Kawu Yari, an yi masa ɗori. Ba na neman mota, ba na neman albasa. A tambaye su inda ɗana yake, shi ke nan. Ka sha gaya mana cewa majalisarku ce ke kiran manya su tsaya su amsa. To a kira su.

Ka gai da matarka da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Murjanatu

*

Abuja
20 ga Janairu

Zuwa ga Murjanatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direban Jega, na karanta ta sau uku. Allah ya bayyana mana Anas cikin aminci, ya ba Lawali lafiya.

Na kai maganar gaban Honarabul, maigidana a wurin aiki, wanda yake cikin kwamitin da ke sa ido kan 'yan sanda. Ya nuna damuwa sosai. Ya amince a shigar da koken, kuma idan an sa ranar da manyan 'yan sanda za su zo amsa tambayoyi, zai tashi ya yi tambayar da bakinsa.

Amma akwai matsala, kuma gara ki ji ta yanzu. Don me ba ku kai Lawali asibiti ba? A nan ba a sauraren koke sai da shaida, shaidar kuwa ita ce takardar likita mai kwanan wata da hatimi. Kawu Yari kawuna ne kamar yadda yake kawunki, ni ma shi ya ɗora mini hannu ina yaro, amma ba zan iya ɗaukar tofinsa in sa a fayil ba. Ofishin 'yan sanda ya riga ya aiko da amsa a rubuce: ba su kama kowa ba a ranar, kuma ba a doki kowa ba. Idan muka nuna an doki Lawali, rabin amsarsu ta faɗi, dole su yi bayanin ɗaya rabin. Ƙafar Lawali ita ce hanyarmu zuwa ga Anas.

Ku yi ƙoƙari a ɗauki hoton ƙashin a samu takarda. Ki yi haƙuri, komai na majalisa da tsari yake tafiya.

Ki gai da mai jiki da Kawu.

Yayanki,
Bashar

*

Aliero
25 ga Fabrairu

Yaya Bashar,

Salama da gaisuwa. Ina gidan Kawu tun makon jiya ina jinya.

Don me ba mu kai shi asibiti ba? Lallai Abuja ta wanke maka kai. Tun da kake, ka taɓa ganin wanda ya karye a ƙasar nan ya wuce Aliero ya tafi asibiti? Daga Kwatano ma nan ake kawo mutane a kwance. Waɗanda suka tsince shi ba su ko yi shawara ba, motar da kanta ta san ƙofar Kawu. Kuma a ranar, da mun je asibitin, takardar 'yan sanda za su fara tambaya. Wurin wa za mu karɓo ta?

Duk da haka na bi maganarka. Sai da aka yi mako bakwai Kawu ya yarda a motsa shi, muka kai shi wani asibiti aka ɗauki hoto. Likitan ya ɗaga hoton ya jinjina kai, ya ce wanda ya haɗa wannan ƙashi gwani ne. Sannan ya rubuta: tsohuwar karaya, tana warkewa. Na ce ya rubuta abin da ya karya ta. Ya ce shi bai ga komai ba, kuma yana da iyali. Ga takardar nan na haɗo maka, in tana da amfani.

Kawu kuwa tun ranar farko da ya shafa wurin ya ce, "Wagga ba hwaɗuwa ba ta. Hwaɗuwa murɗe ƙashi takai. Wanga buga shi anka yi, sau biyu, da abu mai baki." Shekara hamsin yana taɓa ƙashin mutane, amma ka ce maganarsa ba ta shiga fayil.

Lawali ya fara takawa da sanda. Ba ya cin abinci sai an matsa masa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga kai. Ni kuma an aiko mini daga garin Dangamaji wai an ga mai kama da Anas, na je, wani ne. Na gaji, Yaya, kuma ina jin tsoro. A daina nuna damuwa a sa mana rana.

Taka,
Murjanatu

*

Abuja
28 ga Maris

Murjanatu,

Bayan gaisuwa da barka da shan ruwa. An sa rana: ashirin da uku ga Afrilu, bayan Salla. Zama ne na haɗin gwiwa da kwamitin harkokin waje, saboda maganar iyaka, don haka lokaci zai yi ƙaranci. Da ƙyar Honarabul ya samar wa Lawali minti biyar.

Takardar likitan ba za ta ɗauke mu ko'ina ba. Saura abu ɗaya, shi ne ido. Ki saurare ni da kyau: Lawali ya zo da sandarsa, da karan ɗorin a ƙafarsa, yadda yake. Kada a kwance komai. Kada ya sa babbar riga ta rufe wurin. Za a kawo 'yan jarida da kyamara, kuma mutanen nan abin da suka gani da idonsu shi ke motsa su. Ba ƙarya na ce a yi ba, ai har yanzu da sandar yake tafiya. Na ce dai kada a ɓoye.

Ki karanta wa Kawu wannan da bakinki. Allah ya sa mu dace.

Bashar

*

Aliero
Goma ga watan Ƙaramar Salla

Zuwa ga ɗana Bashar,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Wannan takarda Lawali zai ba ka ita hannu da hannu.

Murjanatu ta karanta min saƙonka, na ji. Amma ɗana, ka manta gidan da ka fito. Tun kakana, ba a taɓa sallamar mutum daga zauren ga da sanda a hannu ba. Duk wanda anka kawo ɗauke, da ƙafarsa zai fita. Yanzu kana so in aika surukina gaban manyan ƙasa, a nuna shi a talabijin da kara a ƙafa, duniya ta ce ga aikin Aliero? Wata huɗu ba a warke ba? Wannan ba kunyata ba ce ni kaɗai, ta garin ga ce duka.

Tun ran da munka ji an sa rana, ban bar shi ya huta ba. Safe da marece ina gasa wurin, ina murza shi da man shanu, ina sa shi ya zagaya gida. Jiya na kwance karan, na karɓe sandar na sa ta a wuta. Ya taka daga zaure har masallaci ba wanda ya riƙe shi. Alhamdu lillahi.

Gaskiya ba ta buƙatar sanda. Ya tsaya tsaye kamar namiji ya faɗi abin da anka yi masa. In suna son shaida, ga ni da raina, a tambaye ni.

Allah ya yi maka jagora.

Kawunka,
Yari mai ɗori

*

Abuja
24 ga Afrilu

Murjanatu,

Ina gaishe ki. Lawali ya kamo hanya yau da safe. Na san ba zai gaya miki komai ba, shi ya sa na rubuta.

Da na gan shi ya sauko mota da ƙafarsa, cikin farar babbar riga, ba sanda ba kara, na san shirinmu ya rushe. Na karanta takardar Kawu a tsaye a tasha. Na je na sayo sanda, na roƙe shi ya riƙe ko don ranar kawai. Ya ce, "Bashar, na yi wa Kawu alkawari. Kuma ba ni yin gurguntar ƙarya, Allah na gani na." Na yi magiya har na gaji.

An fara zama da sha ɗaya. Awa biyu da rabi suka tafi kan iyaka, da wa ya rufe da wa ya buɗe. Sai dab da tashi aka kira Lawali. Ɗakin dogo ne, daga ƙofa zuwa teburin shaida tafiya ce. Murjanatu, na san yana jin ciwo, na ga gumi a wuyansa. Amma ya cije, ya miƙe, ya tako ɗai-ɗai ba ko ɗingishi, don kada ya ba Kawu kunya gaban manya.

Ya faɗi maganarsa tsaf. Honarabul ya tashi ya yi tambayar, wannan kam ya cika alkawari: ina Anas Lawali? Babban ɗan sandan da aka turo ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce, "Ranku ya daɗe, wannan ne mutumin da aka ce mun karya wa ƙafa? Ai ya fi ni tafiya." Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, har da wasu na kan teburin sama.

Lawali ya sunkuya zai ɗage wando ya nuna wurin. Shugaban zama ya ce nan ba asibiti ba ne. Na miƙa hoton ƙashin da takardar likita, ɗan sandan ya karanta a fili: tsohuwar karaya. Ya ce kowane mai hawa motar kaya yana da irinta. Game da Anas kuma, ya ce bincikensu ya nuna wataƙila ya tsallaka Nijar ne da kansa, don haka magana ta koma ta harkokin waje. Na harkokin wajen ya ce su ba a rubuto musu ba. Aka buga guduma, aka ce a kawo sabuwar shaida in akwai, za a duba a zama na gaba.

Shekara tara ina ɗaukar fayil a gidan nan, ina gaya muku a nan ake tsayar da mai ƙarfi ya amsa. Jiya na ga an tambaya, na ga an amsa, kuma ba a faɗi komai ba. Ina jin kunyarki. Kada ki yi wa Kawu faɗa, aikinsa ya yi, ya kuma yi shi da kyau fiye da kima.

Ki yafe mini.

Bashar

*

Mungadi
3 ga Mayu

Yaya,

Salama. Ban yi wa Kawu faɗa ba, ba sai na yi ba. Tun da ya ji, bai sake zama a zaure ba.

Shekaranjiya Lawali ya tafi Aliero bai gaya mini ba. Ya zauna gaban Kawu, ya miƙe ƙafar, ya ce, "Kai ka san inda ta karye. Mai da ta yadda ka same ta." Kawu ya yi kuka kamar yaro, ya ce hannunsa bai taɓa ɓata ƙashi ba, ba zai fara da tsufa ba. Lawali ya ce to, ba komai. Ya dawo gida da ƙafarsa.

Tun jiya yana zaune kusa da turmi, yana kallon taɓarya. Na ɓoye ta, ya ce in mayar.

Ya ce in tambaye ka abu biyu. Yaushe ne zama na gaba? Kuma takardar likita, ta karayar kwana nawa suke karɓa?

Don Allah, Yaya, kada ka ba ni amsa.

Murjanatu