Taki Nawa Daga Tsamiya?

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko da kana raye ma sai an karanta maka, kuma ni ne mai karantawar.

Gida lafiya. Gusau ta zama babban birnin jiha. Motocina na hatsi sun kai uku, ba wanda ya ba ni ko taya ɗaya. Ƙanwata Hajara tana nan Tsafe, gidan da ka cika. Ta haifi namiji, an sa masa sunanka. Gonar da aka ba ka wajen Bungudu maimakon fadamarmu, har yau ruwan dam bai leƙa ta ba. Lantarkin da na cika maka kunne da shi kuwa, ni kaina janareta nake tayarwa.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Ka tuna ranar da za mu tashi daga tsohon garinmu, kafin ruwan dam ɗin ya shanye shi? Ina tare da masu awon ƙasa, ina yi masu tafinta, ni ɗan sakandare mai agogo. Ka kamo hannuna ka kai ni gindin tsamiya. Daga nan ka dinga takawa kana ƙirga da ƙarfi, har ka tsaya kan kabarin Inna. Ka ce in riƙe lissafin, don ruwa baƙo ne, wata rana zai ja baya. Na ce na riƙe.

Baba, ban riƙe ba. Kunya nake ji kada injiniyoyi su ga tsohona yana ƙirga ƙasa ba takalmi. Idona na kan motarsu. Shekaru ka yi kana tambayata, ina gyaɗa kai. Har ka koma ga Allah kana zaton amanarka na hannuna.

Bana ruwa ya ja baya kamar yadda ka faɗa. Na je ranar Juma'a. Kututturen tsamiyar na nan, baƙi ƙirin. Sauran duk laka ce ta tsattsage, ba tudu, ba fasasshen tulun da ka kafa alama. Na cire takalmi na yi gabas, na dawo. Na yi arewa. Arba'in ka ce? Sittin? Takinka ma ai ya fi nawa faɗi. Wa zan tambaya? Hajara tana goye a lokacin, tsofaffin duk sun bi ka.

Da na gaji, na tsaya tsakiyar fili na yi wa kowa addu'a, ko tata ta same ta a ciki. Damina ta kusa, ruwan zai koma.

Ka yafe mani, Baba. Ka roƙa mani Inna. Allah Ya haskaka makwancinku.

Ɗanka da ka ce ya tsaya ya ji,
Sani