Babban Yatsan Magini

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa. To, waya ba ka ɗauka, kuma na lura ku mutanen hedikwata ba ku jin magana sai an rubuta ta a takarda. Direban da ke kai muku saƙon ofis na ba.

A kan na'urarku ce. Tun da kwamitinku ya kafa ƙa'idar cewa a duk cibiyoyin koyon sana'a ba a lissafa ɗalibi ya zo aji sai ya dangwala babban yatsansa na dama, aka ɗauke mini littafin kiran suna, aka girke mini wannan aba a kan tebur. Ni ce mai tattara bayanan cibiyarmu, don haka kullum da safe ina zaune a bayanta kamar ni na haife ta. Teloli su dangwala, ta kawo kore. Masu gyaran lantarki, kore. Magina kuwa sai ja, ta kuma bi su da wata ƙara mai cin rai.

Siminti ne, Yaya. Lokacin rajista yawancinsu ba su da aiki, hannu ya huta, zanen yatsa ya fito. Da aka shiga aikin hannu sai siminti ya cinye shi, yatsa ya koma sumul kamar bayan cokali. Sun shafa mai, sun jiƙa da ruwa, sun goga a goshi, wani har lasa ya yi a gabana. Duk ja.

Mijina yana cikinsu, wanda kuke kira Igiya saboda miƙewar gininsa. Ka san abin da ya mayar da shi aji da furfura a gemu. Manyan wuraren gini sun daina ɗaukar magini sai da satifiket, har an tare shi a ƙofa a gaban mutanen da shi ya koya wa riƙon cokalin gini. Kullum shi ke fara zuwa. Ina kallonsa, yana kallona, na'urar ta ce bai zo ba. Wanda zuwansa bai cika ba kuma ba zai shiga jarrabawa ba.

Na kai wa shugaban cibiya kuka, ya ce ƙa'ida daga sama take. Saman nan kai ne, Yaya. Ku bar ni in riƙa shigar da su da hannu.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, kuma na ga har yanzu bakin nan naki yana nan yadda na san shi.

Bari in faɗa miki dalilin ƙa'idar. Kafin mu kafa ta, kowace cibiya da irin lissafinta. Wata tana ƙirga wanda ya yi rajista ya ɓace, wata tana ƙirga mutum ɗaya a sana'a biyu. Mun je wata cibiya da ta aiko mana da sunaye cike da shafuka, muka tarar da ajin a kulle, ƙura ta rufe kujeru. An ba mutanen da ba su taɓa riƙe bulo ba satifiket, ɗaya daga cikinsu ya yi gini ya rufta kan masu gida. Ni na je wurin da kaina, kuma har yau abin bai bar idona ba.

Shigarwa da hannu ita ce ƙofar da aka bi aka yi wannan ɓarnar. Idan na buɗe miki, dole in buɗe wa kowa. Kuma ki duba matsayinki: mai riƙe da bayanai tana neman a sassauta wa ajin da mijinta yake ciki, ta hannun yayanta da ke kwamiti. Duk mu ukun za a haɗa a yi waje da mu.

Ki ce su riƙa sa safar hannu. Ki gaida mini Igiya, ki ce ya ƙara haƙuri.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don leɓena a kumbure yake kuma raina ya fi shi kumbura.

Safar hannu ka ce. Sun sa. Siminti yana shiga ciki ya haɗu da zufa, ya fi cin fata ma.

Shekaranjiya aka liƙa sunayen masu shiga jarrabawa, waɗanda kwamfutarku ta tace ta aiko. A ajin magina sunayen da suka fito na malalata ne, masu tsayawa a inuwa suna nuni da baki, don su ne yatsunsu ke lafiya. Na ji hayaniyar tun daga allon sanarwa. Kafin in kai ga sakata, rabin bulo ya shigo ta taga, gilashi ya watsu har cikin gashina.

Wani ƙato da ake kira Jan Wuya ne a gaba, guduma a hannu. Ya banke ƙofa, ya fizgo na'urar har da wayoyinta, ya aza ta a ƙasa ya hau duka. Sai da ya mai da ita gari yana cewa, “Yau dai kin ga na zo ko?” Na ce masa don Allah ya tsaya, ba ni na tace sunayen ba. Ya ce ai ke ce uwarta, kuma yayanki ne ubanta. Ya kwaɗa mini bayan hannu a baki, na faɗi kan kujera, kujerar ta karye da ni. Wani ya taka mini yatsu. Ina jin ana cewa a fito da ita waje.

Sai ga Igiya. Shi ma babu sunansa, ka sani, amma ya ratso su ya tsaya a kaina. Ya ce duk wanda ya sake taɓa ta sai dai a ɗauki gawar ɗayansu. Jan Wuya ya ɗaga guduma, Igiya ya riga shi da katakon da ke hannunsa, ya sauke masa a baki. Na ga haƙora a ƙasa, Yaya, da idona. Daga baya wani ya rotsa wa Igiya bulo a goshi, jini ya rufe masa ido, yana ta kai duka ba ya ma ganin wa yake duka. Mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya ne fa, suke neman kashe juna a kan teburina. 'Yan sanda suka zo da kulake suka bi kan kowa, har maigadi da ke rabon faɗa sai da aka fasa masa kai.

An ɗinke goshin Igiya. Yana nan zaune yana juya yatsansa yana kallo.

Bayananku kuwa ko ƙwarzane ba su yi ba, suna can wurinku. Yau da safe aka kawo sabuwar na'ura. Ta riga gilashin tagar zuwa.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Sannu, sannu. Wallahi da na karanta wasiƙarki sai da na rufe ofis na zauna. Allah ya ba ku lafiya. Da an bi ta tawa, da yau kin bar wannan teburin.

Na kai maganar gaban kwamiti, na yi ta har murya ta dushe. Sun yarda akwai matsala, amma sun ce ba a canza ƙa'idar tattara bayanai a tsakiyar zango, don lissafin cibiyoyi zai saɓa wa juna. Za a duba a zama na gaba, wanda zai zo bayan jarrabawa. Wasu ma cewa suka yi idan aka sassauta yanzu, an koya wa ɗalibai cewa guduma tana aiki.

Na sake bin ƙa'idar layi layi ko zan samo muku kafa. Sassauci ɗaya ne a ciki, kuma ni na sa shi saboda masu haɗari: ɗalibin da ya ji rauni a yatsan da aka yi masa rajista, ya kawo takardar likita mai hatimi, ana karɓar shaidar malaminsa a madadin na'ura, har ta kwanakin baya. Na roƙa a ɗauki cin siminti a matsayin rauni, lauyanmu ya ce shafewar zane ba rauni ba ce. Ban ji daɗi ba, amma iyakar abin da na samo ke nan.

Ki kula da kanki.
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya babba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ne Igiya. A yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba.

Auta ta karanta mini wasiƙarka. Na gode da wahalar da ka sha. Tambaya ɗaya ce da ni, don ina so in gane sosai, abokan aiki suna tambayata. Raunin nan da ka ce, kowane iri ne? Ko sai wanda aka ji a cikin cibiya? Kuma idan likita ya buga hatimi, shi ke nan babu wani bincike?

Auta ba ta san na rubuto ba, tana da abin da ya ishe ta.

Na gode.
Igiya

*

Zuwa ga Igiya,

Na amsa gaisuwa, ya goshin? Tambayarka mai sauƙi ce. Kowane irin rauni ne, a ko'ina aka ji shi, muddin a babban yatsan dama yake kuma likita ya tabbatar. Babu wani bincike bayan hatimi. Na ji daɗi da kake wayar wa abokan aikinka kai a kan ƙa'ida, da haka aka yi tun farko da ba a kai ga guduma ba.

Allah ya ƙara sauƙi.
Yaya

*

Yaya,

Babu doguwar gaisuwa yau.

Ina wanki a bayan gida da hantsi, sai na ji ƙarar guduma a kan bulo. Ban damu ba, gidan magini ne. Na ji ta biyu, sai wani nishi da ban taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba. Na zagayo da kumfa a hannu.

Yana durƙushe. Ya shimfiɗa babban yatsansa na dama a kan bulo, guduma a hannun hagu, ya cusa tsumma a baki don kada in ji. Hagu ba ta saba ba, dukan farko ya goce ya ɗauke fata kawai. Shi ya sa ya ƙara ƙarfi a na biyu. Farcen kawai ya so ya fasa, Yaya, haka ya gaya mini daga baya, yadda zai warke kafin jarrabawa. Ƙashin ne ya dagargaje. Jini ya jiƙa bulon har yana ɗiga ƙasa.

Na kurma ihu, na dake shi a ƙirji, na ce ka haukace ne? Ya tofar da tsumman ya ce, “Ɗauko mayafinki mu je, a buga hatimin.”

A asibiti ya ce bulo ne ya faɗo masa. Likita ya duba ya ce babu abin da za a haɗa. Sun yanke yatsan daga gindi.

Na tarar da amsarka a aljihun rigarsa. Na san ba da nufi ka rubuta ba, na san kai ma za ka yi kuka. Amma kada ka zo yanzu, ba zan iya kallonka ba.

Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙunka sun iso, na ajiye su.

Takardar likita ta yi aiki. Da hannuna na shigar da shi cikin waɗanda aka sassauta wa, kwamfutar ta karɓa nan take, sunansa ya fito.

Jiya aka yi jarrabawar. Cokalin gini ba ya zama a hannunsa, ya faɗi ya ɗauka, ya faɗi ya ɗauka. Lokaci ya cika bangonsa bai kai gwiwa ba, kuma a karkace yake. Ya tsaya ya dube shi, sannan ya sa ƙafa ya ture.

Yau Jan Wuya ya zo ofis da giɓinsa, ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Zai sake zango, shi da sauran. Da zai fita sai ya juyo ya rage murya, ya ce don Allah wane likita ne ya buga wa Igiya hatimi, kuma dole ne sai ƙashi ya fashe?

Yaushe ne zaman kwamitin naku?

Ƙanwarka, Auta