A Cire Sarƙa Daga Motar Pompiye Ta Alhaji Halidu

Zuwa ga: Mai Girma Magajin Garin Arlit

Daga: Alhaji Halidu Ɗan Tibiri, mai saye da sayar da tsoffin ƙarafa, Unguwar Bakin Tanki, Arlit

Kwanan wata: Litinin, 14 ga Nuwamba, 2022

Game da: Tsohuwar motar kashe gobara tawa da Mai Unguwa Alkassoum ya ɗaure ya hana ni sayarwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan alheri, ina kawo kuka a kan maƙwabcina kuma shugabana, Mai Unguwa Alkassoum, mutumin da shekara talatin muna sahu ɗaya a masallaci.

A watan Yuni na 2021 na sayi motar pompiye a gwanjon wani kamfanin ma'adini. Ƙirar 1974 ce. Ina da takardar saye, da ta awo mai nuna babu gubar ma'adini a jikinta. Ban ɓoye wa kowa halinta ba: taya uku ne da ita, ƙafa ta huɗu tubali ne, jiniyarta ba ta kuka sai an buga ta da dutse. Moter kuwa, wato injinta, na cire shi tun makon farko na sayar wa Hajiya 'Yargata, shi ke juya injin niƙanta. Amma tankinta lafiya lau, ko ɗigo ba ya yi. Saboda tankin nan Malam Intala, wani ɗan kasuwa mai kai wa masu haƙar zinariya ruwa a Tchibarakaten, ya yi ciniki, muka tafa. Zai sa mata moter ya gyara ta. Da kuɗin nake son rufe ɗakuna biyu da na gina a Tibiri, in koma gida bayan shekara arba'in da ɗaya ina cin yashin garin nan.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. Ranar Asabar, 10 ga Satumba, ina Agadas wajen jana'iza, Mai Unguwa ya sa aka shafe motata da jan fenti. Ban roƙa ba. Gaskiya fentin ya yi kyau, ban da sun shafe har gilashin gaba. Aka rubuta a jikinta da farin fenti cewa ta Kwamitin Kashe Gobara na Bakin Tanki ce. Ranka ya daɗe, kafin ranar nan ko akuya ba ta taɓa jin sunan wannan kwamiti ba.

2. Ranar Litinin, 12 ga wata, wasu baƙi na wata ƙungiyar taimako suka zo. Ya jera musu dattawa shida a gaban motar, kowa da bokiti, aka ɗauki hoto. Wajen da tubalin yake, ya tsayar da Malam Zubairu na'ibin liman, saboda shi ya fi kowa faɗin riga. Da baƙin suka nemi a tayar da ita, ya ce direba ya tafi jana'iza da makulli. Direban nan ashe ni ne. Suka yi alkawarin za su dawo ranar Talata, 22 ga Nuwamba, da tiyo da takalma da huluna, da babur guda na shugaban kwamiti. Ba sai na faɗi wane ne shugaban ba.

3. Tun daga ranar mutanen unguwa suka ɗauke ni ma'aikaci. Da rumfar Bala mai shayi ta kama wuta bayan la'asar, jama'a ba su nufi famfo ba, ƙofata suka nufa. Na fito da buta, don ita ce a hannuna. Wuta ta cinye rumfa, ni na sha zagi. Wata tsohuwa ta ce ina cin albashin gwamnati ina barci, ta haɗa ni da Allah. Ina roƙon a bincika, in akwai albashin nan, a nuna mini wanda ke karɓa.

4. Ranar Asabar, 29 ga Oktoba, Malam Intala ya zo da babbar mota zai ja ta. Muka tarar an zagaye tayar gaba da sarƙa an ɗaure ta a jikin falwayar lantarki, da kwaɗo kamar na ɗakin ajiyar banki. Na je wurin Mai Unguwa cikin ladabi. Ya ce abin da ya shiga hoton hukuma ya zama na jama'a, in yi haƙuri har baƙi su zo su tafi. Na ce masa mota ba ta da moter. Ya rantse bai taɓa sani ba. Ranka ya daɗe, kullum safiya a injin Hajiya 'Yargata ake niƙa hatsin gidansa. Shekara guda da rabi yana cin tuwon moter ɗin nan, ya kamata ya gane muryarsa.

5. Haƙurin da yake so, ba nawa ba ne da zan ba shi. Ayarin Malam Intala zai tashi ranar Alhamis, 24 ga wata, kuma yana bukatar kwana huɗu ya ɗaura moter. Ya gaya mini in ba a sake ta ba kafin Lahadi, akwai wani tanki da ya gani a Akokan. In ya tafi, babu wanda zai sake taya ta sai masu yanka ƙarfe a kilo, ni kuma damina ta same ni da ɗaki babu rufi.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya ba da umarni a cire sarƙar nan kafin Lahadi, 20 ga wata. Fentin na yafe, zagin ma na yafe, sarƙa da kwaɗo a mayar wa mai su. Ban nemi a taɓa rawanin kowa ba. Gobara kuwa gaskiya ce a unguwar nan, in baƙin sun kawo tiyo a karɓa, a ajiye kusa da famfo inda zai yi amfani.

In kuma hukuma ta ga cewa motar ta kwamiti ce, to ni talaka ne, ba na jayayya da hukuma. Sai dai tunda an ce ni ne direba, ranar Talata ba ni da niyyar zuwa jana'izar kowa in Allah ya so. Zan sa farar rigata, in tsaya a gaban baƙi, in miƙa wa shugaban kwamiti makulli da hannu biyu, in ɗaga masa murfin gaba don kowa ya ga abin da zai tayar. Na riga na yi magana da mai ba da hayar kujeru.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya tsare garinmu daga wuta.

Naka mai biyayya,

Alhaji Halidu Ɗan Tibiri
(sa hannu da dangwalen yatsa)