Waƙar da ba ta zuwa a zaune

Daren Talata, watan Sha'aban, Gummi

Ɗiyata Hadiza ta zo hutu da rikoda. A kwaleji an ce kowa ya ɗauko waƙar gidansu, a saurare ta tare da na wasu ƙasashe. Ta sa mini kaset na baƙaƙen Amurka, ƙaho na kuka, sauran kayan kiɗa na amsa mishi. Na ce, "Wagga ai zabiya ce da 'yan amshi." Ta yi ta dariya.

Sai ta roƙi waƙar niƙan kakarta, Allah ya jiƙanta. Ban son muryata ta yi yawo, amma ta yi alkawarin mata kaɗai za su ji. Na zauna bisa tabarma, na buɗe baki, ko baiti ɗaya bai zo ba.

"Inna, kaset na tafiya fa!"

Kunya ta kama ni, da tsoro. Tun da injin niƙa ya shigo gari babu wadda ta koyi waƙar, ni kaɗai na rage.

Ina alwalar la'asar na gane dalili. Ban taɓa rera ta a zaune ba, a durƙushe take fita, hannu bisa dutse. Gobe in Allah ya so zan ciro dutsen niƙa daga bayan rumbu, ko gwiwoyina za su yi ƙara. Hadiza ma sai ta durƙusa.